Karɓa-Karɓa A Lambun Gida: Rigakafin Da Ba Ya Cin Ko Sisi

Tun bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kayan miya suka shiga sahun abubuwan da sai an yi lissafi kafin a saya. Tumatirin da a da ake ƙara wa mai saye gyara, yanzu ƙirga shi ake yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya sa gidaje da dama a unguwar Nassarawo da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, da sauran unguwannin Mubi irin su Lamorde da Lokuwa da Kolere, suka waiwayi ɗan filin da ke bayan ɗaki ko gefen rijiya. Wani ya kafa tumatir da attaruhu, wata ta yafa alayyafo, wanda ke gidan haya kuma ya cika tsofaffin buhuna da ƙasa ya jera a jikin katanga.

Abin farin ciki ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma mu a nan da sauran tafiya kafin mu kai can. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Duk gidan da ke tsinkar ganye a tsakar gidansa ya rage wa kansa wani kaso na wannan matsala.

Sai dai akwai wani abu da ke kashe gwiwar sabon mai lambu. Shekarar farko tumatir ya yi kyau har ana aika wa maƙwabta. Shekara ta biyu ya ragu. A ta uku sai a ga shuka ta yi rawaya, ta ƙi girma, ko kuma ta yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa na da danshi. Daga nan sai a ce iri ne ba shi da kyau, ko a ce baki ne, sannan a nufi kasuwa neman maganin feshi. A mafi yawan lokuta laifin ba na iri ba ne. Abu guda aka yi ta maimaitawa a wuri guda har ƙasar ta gaji, cutar da ke cikinta kuma ta yi ƙarfi. Maganin wannan shi ne karɓa-karɓa: kada dangin shuka ɗaya ya gaji kansa a fangali ɗaya.

Me ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa?

Abu na farko shi ne abinci. Kowace shuka da irin abin da ta fi ja daga ƙasa, da kuma zurfin da saiwarta ke kaiwa. Tumatir da kabeji da masara masu ci ne ƙwarai. Idan su kaɗai ake shukawa, abu ɗaya ake ta ɗiba daga rumbu ɗaya ba a mayarwa.

Abu na biyu, wanda ya fi muni a ƙasa mai zafi irin tamu, shi ne cuta. Akwai wata tsutsar saiwa da masana ke kira nematod, wadda ido ba ya iya ganinta. Tana shiga saiwar shuka ta zauna, wurin ya kumbura ya yi ƙulu-ƙulu, ruwa da abinci su kasa hawa sama yadda ya kamata. Mace ɗaya tana yin ɗaruruwan ƙwai, kuma idan ƙasa na da ɗumi, cikin mako uku zuwa huɗu ƙwan ya zama babbar tsutsa mai yin nata ƙwan. Ta fi jin daɗin ƙasa mai yashi, irin wadda ake samu a gefen Kogin Yedzaram da kuma gidajen da aka yi ciko da rairayi. Abincin da ta fi so shi ne tumatir da gauta da kuɓewa da kokwamba da kabewa. Wanda ya cire tumatir ya sa kuɓewa, ya cire kuɓewa ya mayar da tumatir, kiwon wannan tsutsa yake yi bai sani ba.

Akwai kuma ciwon yaushi da wata bakteriya ke haddasawa. Shuka tana kore shar da safe, kafin la'asar ta langwaɓe, bayan 'yan kwanaki ta mutu ba tare da ganyen ya yi rawaya ba. Ana iya gwada shi a gida. A yanke karan shukar daga ƙasa-ƙasa, a tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garai-garai, a riƙe shi ba motsi. Idan bayan 'yan mintoci aka ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka daga karan, to ita ce. Wannan bakteriya tana iya zama a ƙasa shekaru tana jiran tumatir ko tattasai ko gauta, kuma babu maganin feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu.

Hikimar karɓa-karɓa a nan take. Cutar da ta saba da dangi ɗaya, idan ta farka ta tarar da shukar da ba ta iya ci, yunwa ce za ta rage yawanta. Ba a kashe ko kwabo ba, ba a shigo da guba gida ba.

Ba baƙon ilimi ba ne

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ba shi suna a makaranta. Manomin ƙasar Hausa yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, yana sauya inda ya sa gyaɗa, kuma idan gona ta gaji yakan bar ta ta huta. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne bayanin dalili. A 1886 wasu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa dangin wake suna samun sinadarin naitirojin daga iska ta hanyar wasu ƙananan ƙulalai da ke jikin saiwarsu. Bayan shekara biyu, a 1888, wani masanin Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar bakteriyar da ke zaune cikin ƙulalan tana wannan aiki. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma yawancin tsirrai ba su iya amfani da shi kai tsaye. Shi ne dai sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya.

A Amurka, George Washington Carver, wanda ya fara aiki a makarantar Tuskegee a 1896, ya shafe shekaru yana jan hankalin talakawan manoma baƙar fata da auduga ta cinye musu ƙasa da su riƙa sauya ta da gyaɗa da wake da dankali. A nan gida kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA sun daɗe suna koya wa manoma sauya masara da waken suya domin rage ƙuduji, wato wuta-wuta. Saiwar waken suya tana sa ƙwayar ƙudujin ta tsiro, amma ba ta samun abin kamawa, sai ta mutu. Abin da ke aiki a gona mai kadada goma, shi ne ke aiki a fili mai taku goma.

San dangin shukarka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cire tumatir a sa attaruhu a ce an sauya. Ba a sauya komai ba, domin 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ga yadda dangogin suke:

Dangin tumatir: tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, gauta, yalo da dankalin Turawa. Dankalin Hausa ba ya cikinsu, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Dangin kuɓewa: kuɓewa, yakuwa wadda ake ce wa follere da Fulatanci, rama da lalo. Auduga ma 'yar gidan ce.

Dangin kabewa: kabewa, kokwamba, gurji, kankana, agushi da duma.

Dangin wake: wake, gyaɗa, waken suya da gujiya. Su ne masu ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Dangin albasa: albasa da tafarnuwa.

Dangin hatsi: masara, dawa da gero.

Kabeji da latas da alayyafo da karas kowannensu da gidansa daban, amma a ƙaramin lambu ana iya haɗa su a rukuni ɗaya don sauƙin tsari.

Dangogi uku na farko su ne masu laulayi. Duk da ba gida ɗaya suka fito ba, tsutsar saiwa tana cin su duka, saboda haka kada ɗaya ya bi bayan ɗaya kai tsaye.

Tsarin fangali huɗu

Ba a buƙatar babban fili. Fangali huɗu, kowanne faɗin mita 1 da tsawon mita 3, da hanyar rabin mita a tsakaninsu, za su shiga filin da bai wuce mita 3 da mita 5 da rabi ba. Faɗin mita 1 yana da amfani domin hannu na kaiwa tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ƙasar ta daskare ba.

A Mubi muna da lokutan shuka biyu masu kyau. Akwai damina, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Oktoba. Akwai kuma lokacin sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda shi tumatir da albasa da kabeji da latas da karas suka fi so, muddin akwai ruwan ban-ruwa. Don haka kowane fangali zai ɗauki shuka biyu a shekara. Ga tsarin shekarar farko:

Fangali na 1: masara da damina, sannan tumatir da tattasai da attaruhu da rani. Idan aka ba da tazarar rabin mita, layi biyu za su ɗauki gindi 12.

Fangali na 2: gyaɗa da damina, sannan kabeji da latas da rani.

Fangali na 3: kuɓewa da yakuwa da rama da damina, sannan albasa da tafarnuwa da rani. Mai son kabewa ko kokwamba a nan zai sa, ya ja yaɗon ya hau rumfa ko katanga.

Fangali na 4: wake da damina, sannan alayyafo da karas da rani.

A shekara ta biyu, fangali na 1 ya karɓi abin da na 2 ya ɗauka, na 2 ya karɓi na 3, na 3 ya karɓi na 4, na 4 kuma ya karɓi masara da tumatir. Haka za a yi ta zagayawa. Tumatir ba zai koma inda ya fara ba sai a shekara ta biyar, wato ƙasar ta sami cikakkun shekaru uku ba ta ga danginsa ba.

Kowane mataki da dalilinsa. Masara tana gaban tumatir ne domin ciwon yaushin tumatir ba ya kama ta, kuma ana cire ta da wuri a sami lokacin gyara fangali. Gyaɗa tana bin bayan tumatir domin nau'in tsutsar saiwa da ya fi addabar tumatir ba ya jin daɗinta, ga shi kuma tana bar wa ƙasa ɗan naitirojin. Kabeji da latas da alayyafo ganye ake nema a jikinsu, ganye kuwa naitirojin yake so, shi ya sa suke bin gyaɗa da wake. Idan an taɓa ganin ƙulu-ƙulu a saiwa a wani fangali, a sa masa gyaɗa ko dawa a maimakon wake, domin irin wake da yawa su ma tsutsar tana kama su.

Zogale da gwanda da lemun tsami ba sa shiga wannan zagaye tunda bishiyoyi ne. A ba su gefe, inda inuwarsu ba za ta rufe fangali ba.

Abu na ƙarshe a tsarin shi ne rubutu. Bayan shekara biyu ba wanda zai tuna abin da ya shuka a ina. A zana lambun a bayan littafin makaranta, a sa wa kowane fangali lamba, a rubuta abin da aka shuka da watan da aka shuka. Aiki ne da ɗan firamare zai yi da murna idan aka ɗora masa.

Mai buhu da bokiti fa?

Wanda ke shuka a buhu ko tsohon bokiti ko baho ya fi kowa sauƙi, kuma ya fi kowa saurin shiga matsala, domin ƙasar kaɗan ce, cuta ba ta da wurin watsuwa sai cikin saiwa. Dokar dai ɗaya ce. Buhun da ya ɗauki tumatir bana, baɗi ya ɗauki wake ko albasa ko alayyafo. A ɗaura wa kowane buhu ƙyalle mai launi daban don a gane shi. Idan shuka ta mutu da ciwon yaushi a buhu, a fitar da ƙasar daga lambun gaba ɗaya, a wanke mazubin da sabulu a shanya a rana kafin a zuba sabuwa. Kada a ajiye buhu a kan ƙasar da aka san tana da cuta. A ɗora shi kan bulo ko dutse.

Karanta saiwa kamar sakamakon gwaji

Duk lokacin da aka gama girbi, kada a fizge shuka a jefar. A tona ta a hankali, a wanke saiwar a duba. Saiwa mai lafiya fara ce, siririya, mai yawan gashi. Idan ta tumatir ce ko kuɓewa aka ga ta kumbura kamar carbi, tsutsa ce.

A saiwar wake da gyaɗa kuwa sai an lura, domin ƙulalan alheri da na cuta suna kama da juna. Na alheri ƙanana ne, a gefen saiwa suke manne, kuma da an murza da yatsa sai su ɓalle. Idan aka fasa ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. Wannan jan launi daga wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja. Na cuta kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ɓallewa sai dai saiwar ta tsinke.

Wani abin lura: yawancin naitirojin da wake ko gyaɗa suka tara yana tafiya cikin ƙwaya da ganye. Idan aka tumɓuke komai aka kai wa tumaki harawa, kaɗan ne zai rage wa ƙasa. A wake, a yanke daga sama a bar saiwar a ciki. A gyaɗa, a mayar da wani ɓangare na ganyen cikin fangali. Idan dabbobi suka ci harawar, kashinsu ya dawo lambu.

Kwalbar da ke bayan ƙofa

Dalilin da ya sa batun lambu ya shigo shafin lafiya shi ne abin da ke biyo baya idan ba a sauya shuka ba. Shuka ta fara ciwo, sai a sayo magani. Bai yi ba, sai a ƙara yawansa ko a haɗa biyu. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, wannan hali na san shi sarai, domin haka ake yi da maganin mutane. Yawan amfani da magani ɗaya ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa cuta ta saba da shi. Haka klorokwin ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro har Najeriya ta koma magungunan ACT a 2005. Ƙwarin lambu ma haka suke sabawa da maganin feshi.

Bambancin gona da lambun gida shi ne, a gida yara suna rarrafe a wurin, kaji suna tono, kuma kwalbar maganin takan ƙare a bayan ƙofa ko kan taga. Biyu daga cikin magungunan da ake yawan ɗauka suna da haɗari ƙwarai. Na farko diklobos, wanda ke cikin Sniper da abin da ake kira fiya-fiya. Saboda yawansa a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a watan Yunin 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Na biyu kabofuran, wanda aka fi sani da Furadan, mai kama da tsaba, da ake barbaɗawa a gindin shuka don kashe tsutsar saiwa. Shuka tana tsotse shi ya shiga jikinta, wanki ba ya fitar da shi, kuma Tarayyar Turai da Amurka sun daina yarda da shi a kan kayan abinci. Ba shi da gurbi a lambun da ake tsinkar ganye a kai tukunya.

Dukansu biyu hanya ɗaya suke cutarwa: suna toshe wani sinadari da ke daidaita saƙo tsakanin jijiyoyi da tsoka. Alamomin sun haɗa da dalalar miyau, gumi mai yawa, hawaye, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, karkarwar tsoka da wahalar numfashi. Idan aka ga haka ga yaro ko babba bayan taɓa magani, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan. Ba sa karya gubar, suna cinye lokaci, kuma aman na iya shiga huhu. Akwai allurar atirofin da likitoci ke amfani da ita, amma sai an isa da wuri take ceto.

Idan feshi ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, a kuma cika su. Kada a taɓa juye maganin ƙwari a gorar lemo ko ta ruwa.

Abin da karɓa-karɓa ba zai yi ba

Gaskiya ita ce sauya shuka ya fi tasiri a kan cutar da ke zaune a ƙasa. Ƙwarin da ke tashi sama ba ruwansu da lambar fangali. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarnar da ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun 2016, wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne ke haifar ta, kuma yana iya zuwa daga lambun maƙwabci. Abin da zai taimaka a nan shi ne duba ganye kullum, tsinke wanda aka ga farin zane a cikinsa, da kwashe ragowar tumatir a ƙone da zarar an gama girbi, domin tsutsar tana ɓuya a busasshen ganye da saman ƙasa.

Haka kuma, a ƙaramin fili fangali suna kusa da juna, don haka cuta na iya bin fartanya ko takalmi ko ruwa ta ƙetare. A kankare ƙasar jikin fartanya a wanke kafin a shiga wani fangalin. A ɗaga bakin kowane fangali yadda ruwan wani ba zai gangara cikin wani ba. Shukar da ta mutu da cuta a ƙone ta, kada ta shiga ramin taki. Idan za a sayi dashe a kasuwa, a duba saiwarsa tukuna, domin sau da yawa da kuɗinmu muke sayo cutar.

Zafin bazara ma yana da amfani. A watan Maris da Afrilu, lokacin da yawancin kayan lambu ba sa jure rana, a kafce fangalin da ya nuna cuta, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunan da ƙasa, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana rage tsutsa da ƙwayar ciyawa a saman ƙasa.

Karɓa-karɓa kuma ba ya maye gurbin taki. Mubi gari ne na shanu, kasuwar shanunta sananniya ce har ƙetaren iyakar Kamaru, don haka kashin shanu ba ya wuya. Amma ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, yana kuma ƙona saiwa. A tara shi a rami ko a gefe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya yi baƙi ya daina wari. Ƙa'idar da masu noma da takin gargajiya ke bi a Amurka ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ruwan kwata kuwa kada ya kusanci abin da za a ci ɗanye.

Ribar da ke zuwa tukunya

Wanda ya bi wannan tsari zai tarar ba ƙasa kaɗai ya sauya wa abinci ba, har da iyalinsa. Lambun tumatir zalla miya ɗaya yake bayarwa. Lambun fangali huɗu yana ba da wake da gyaɗa masu gina jiki, alayyafo da rama masu sinadarin ayon da ke ƙara jini, karas da kabewa masu sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A don lafiyar ido da garkuwar jiki, ga tattasai da tumatir masu bitamin C. Haɗa su ma yana da sirri: bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi ayon da ke cikin wake da ganye, ɗan mai ko ƙulli a miya kuma yana taimaka wa na karas da kabewa ya shiga jiki. Shayi kuwa yana rage tsotsar ayon, don haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su ba da tazara tsakaninsa da abinci. Wannan ba ya nufin mai juna biyu ta ajiye maganin ƙarin jinin da aka ba ta a wurin awo. Lambu taimako ne, ba madadi ba.

Mai neman ƙarin bayani ba sai ya yi nisa ba. Akwai Tsangayar Aikin Gona a Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi, akwai malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, akwai kuma tsofaffin masu lambun bakin Yedzaram da suka san wace shuka ke bin wace tun kafin a haifi yawancinmu. A ɗauki saiwar da ake zargi a leda a kai musu su gani, ya fi a kwatanta da baki.

Ga wanda lambunsa ya riga ya fara ba shi kunya, ba sai ya jira sabuwar shekara ba. Ya tona gindi ɗaya yau ya duba saiwar. Ya raba filin gida huɗu, ya rubuta inda tumatir da attaruhu suka zauna a bana, ya tabbata shuka ta gaba a wurin gyaɗa ce ko masara ko albasa. Kuɗin da zai kai wa mai maganin feshi ya sayi irin wake da su. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan karon mai sayar da magani ce take faɗa muku.